Girkin dare a kakarki ta farko a Amurka

Makon jiya na leƙa gidan wata ƙanwarmu da ta iso jihar Ohio a watan Agusta. Na tarar ta ɗaure na'urar gano hayaƙi da leda, mai na tafasa a kasko, tagogi duk a rufe saboda sanyi. Gabana ya faɗi, domin abin da na yi ke nan a shekarata ta farko, kuma har yau ban manta da abin da ya biyo baya ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Cefane ba zai ba ki wahala ba, cikin mako biyu kin gane shagunan unguwarku da inda ake sayar da naman halal. Lokaci ne zai matse ki. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan kafin biyar da rabi magariba ta yi a nan wajenmu. Kin taso daga aiki a gajiye, yara sun dawo makaranta da yunwa, kuma babu mai kama miki.

Obin ɗin nan da kike ajiye tukwane a cikinsa, shi zai cece ki. Ki jera cinyoyin kaza a babban tire, ki yanka dankali da karas da albasa a gefe, ki zuba mai kaɗan da gishiri, tafarnuwa da barkono, ki saka a 400 na kamar minti 45. Kafin ki yi sallah ki duba aikin makarantar yara, abinci ya nuna. Ki lura, lambobin obin a nan Faranhait ne. Wadda ta saita 200 tana zaton Salsiyos za ta kai isha tana jiran kaza. Ki sayi ƙaramin ma'aunin zafin nama, in tsakiyar kazar ya kai 165 ta dahu. Abin da ya rage ki sa a firji kafin awa biyu, ki cinye cikin kwana uku ko huɗu.

Yanzu ga wadda ta ƙona ni, wato maganar mai gidan haya.

Duk lokacin da na yi suya na'urar hayaƙi sai ta hau kuka, maƙwabta su leƙo. Na gaji na cire mata batir. Man da na gama suya da shi kuwa, sai in tuttule shi a magudanar wurin wanke-wanke in bi shi da ruwan zafi, a zatona ya tafi ke nan. Ashe in ya yi nisa a bututu hucewa yake ya daskare. Wata safiya a ƙarshen Nuwamba ruwa ya ƙi wucewa, ya dawo baƙi da wari har ya malalo ƙasa. Mai gidan ya turo mai gyaran famfo, shi ma ya biyo shi. Mutumin ya zaro dunƙulen mai fari kamar sabulu ya nuna mana. Mai gidan ya ɗaga kai ya ga na'urar a buɗe babu batir, ya ɗauki hotonta a gabana, sannan ya nuna mini wurin da na sa hannu a yarjejeniyar haya cewa ba zan taɓa ta ba. Ban taɓa karanta shafin ba. Da muka tashi daga gidan, kuɗin jinginar da muka ajiye wajen mai gidan lokacin kama hayar kaɗan ne ya dawo: an cire na gyaran bututu, an cire na fentin bangon bayan murhu da mai ya ɓata. Ban yi musu ba, don ban ɗauki hoton kicin ɗin ranar da muka shiga ba, kuma a lokacin ban san dokar Ohio ta ba mai gida kwana 30 ya mayar da kuɗin tare da bayanin abin da ya cire a rubuce ba, matuƙar kin ba shi sabon adireshinki a rubuce. Kowace jiha da tata dokar, ki nemi ta jiharku.

Don Allah ki bar na'urar nan yadda kika same ta, rai take tsarewa. Ki kunna fankar da ke saman murhu, ki ɗan buɗe taga ko da sanyi. Mai kuma ki bari ya huce, ki juye a gwangwani ki jefa a shara. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a faɗa wa sabuwar zuwa wannan ta ce "ai Aunty ba komai", bayan wata uku ta bugo waya tana kuka.

Kakar nan tana da daɗinta. Daga Satumba zuwa Oktoba gonakin tuffa na buɗe wa jama'a, ki kai yara su tsinko da hannunsu. Ki yanka tuffar, ki barbaɗa kirfa da sukari kaɗan, ki gasa na rabin awa, gida ya ɗauki ƙamshi. Manyan kabewar da ake jibgewa a ƙofar shaguna ta ado ce, cikinta ruwa da zare. Ƙananan masu nauyi a hannu su ne na girki.

Sai ki koyi karanta jikin kwali. Ruwan tuffa da ake kira "apple cider" a nan ba giya ba ne, ki ɗumama shi da kirfa da kanunfari a sha da dare. In kin ga "hard" a gaban sunan, wannan barasa ce. Wasu ɓawon fanke na shago da ake gasa kabewa ko tuffa a ciki da "lard" ake yin su, kitsen alade ke nan. Ranar 31 ga Oktoba, ranar bikin Halloween da ake raba wa yara alewa, alewa za ta cika gari, ko ba ku fita ba yara za su shigo da ita daga makaranta, kuma masu taushin nan da yawa akwai "gelatin" a ciki, wanda sau da yawa daga alade yake. Ki zauna da yaranki ku tace tare, ki ajiye wadda kika yarda da ita don musanya, kada yaro ya ji an ƙwace masa kawai.

Alhamis ta huɗu a Nuwamba hutun godiya ne, makarantu da yawancin ma'aikatu a rufe. Ranar matanmu ke burge ni: kowa ta zo da kwanonta gida ɗaya, a tabbatar ɗalibai da marasa iyali sun samu wurin zama. In ke aka ɗora wa talotalo, wanda aka saba ci a wannan rana, ki yi odarsa da wuri a shagon halal, kuma ki sani daskararre yana buƙatar kwana ɗaya a firji ga kowane fam huɗu zuwa biyar (kamar kilo biyu) na nauyinsa. Mai fam 16 ki sauko da shi daga firiza tun ranar Lahadi.