Yadda sabon ɗalibi a Jami'ar Yamai zai tsara kuɗinsa da lokacinsa tun daga watan farko

Kowace shekara, bayan sakamakon bak ya fito, motocin Tawa da Maraɗi da Damagaram suna sauke yara a Yamai, kowa da akwatinsa da ƙullin garin da inna ta ɗaura masa. Su ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda Jami'ar Abdou Moumouni take, zuciya cike da buri. Ina ganinsu, kuma abin da ke damuna shi ne yadda yaro mai kai, wanda ya ci bak da maki mai kyau, yakan shiga bashi kafin wata uku, ya fara fashin darasin safe, jarrabawa ta zo ta same shi da takardun da bai taɓa buɗewa ba. A lise akwai mai kiran suna, a gida akwai mai tashe ka da asuba. A amfi, babban zauren darasi na jami'a, kuna iya kai ɗaruruwa, kuma idan ka yi sati biyu ba ka zo ba, babu wanda zai tambaya.

Ƙanena, ranar da burs, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnati, zai fito da ranar da za a kafe jadawalin jarrabawa duk ba a hannunka suke ba. Abin da ke hannunka shi ne kuɗin da ke aljihunka yau da awowin da ke tsakanin asuba da isha'i. A kansu za mu yi magana.

Da farko, takardu

Wannan aikin kwana biyu ne, ka gama shi ka huta. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, shaidar bak da takardar makinta, da ƙananan hotuna: ka yi fotokofin kowace fiye da yadda aka nema, ka kai a buga musu hatimi, ka sa su cikin jakar leda guda. Za a nemi su wajen rajista a fakilte, a nemi su wajen ANAB, hukumar da ke ba da burs, idan kana nemansa, a sake neman su a CROU, cibiyar kula da jin daɗin ɗalibai, don abinci da ɗaki. Ka ɗauki hoton kowace da wayarka ka tura wa kanka ta imel, domin waya tana ɓata. Duk rasit ɗin da aka ba ka, komai ƙanƙantarsa, ka ajiye shi cikin wannan jakar har ranar da ka karɓi digirinka.

Na biyu, wurin kwana

Ɗakunan site, wato gidajen kwanan ɗalibai na jami'a, ba sa isar kowa, saboda haka da yawa suna haya a unguwannin wannan gefen kogi, kamar Karaje, Lamorde da Kirkisoye, wasu kuma su zauna wajen dangi a ƙetare. Kafin ka ba da kuɗin haya, ka je da ƙafarka daga ɗakin zuwa fakiltenka, ka ga minti nawa ne. Ɗaki mai araha da ke sa ka biyan taksi ko kabu-kabu kullum sau biyu, ƙarshen wata ya fi mai tsada cin kuɗi.

Sannan ka tambayi maƙwabta, ba mai gidan ba, ko ruwa yana shiga gidan da damina. A 2020 kogin Isa ya cika ya fasa madatsa ta wajen Lamorde, gidaje da yawa suka nutse a wannan ɓangaren gari. Dubi gindin bango, alamar ruwa ba ta ɓuya.

Abokin ɗaki kuma, ko da ɗan garinku ne, ku zauna tun daren farko ku yi magana ɓaro-ɓaro: wa ke biyan wuta, wa ke biyan ruwa, ƙarfe nawa ake kashe fitila, baƙi suna kwana ko ba sa kwana. Kunyar da za ka ji a wannan daren ta fi sauƙi a kan gabar da za ku yi a wata na huɗu.

Na uku, kuɗi

A nan nake so ka tsaya sosai, don a nan mafi yawa suke faɗuwa. Kuɗin ɗalibi yakan zo a dunƙule, bayan dogon jira, sai mutum ya ji kamar ya yi arziki. Rana ɗaya ya biya bashin mai shago, ya sayi sabon takalmi a Babbar Kasuwa, ya saya wa 'yan fada nama, kwana goma ya koma inda ya fito.

Ranar da kuɗi ya shigo, ko burs ne ko aike daga gida, kada ka je kasuwa. Zauna da kaye da bik. Mu ɗauka jikka 30 ce a hannunka kuma sai ta kai ka wata guda. Ka fara cire abin da ba a roƙon alfarma a kansa: haya, wuta, ruwa. Ka biya su a ranar. Bayan haka ka sayi tikitin resto, gidan abincin ɗalibai, na watan gaba ɗaya, domin da wuya ka sami abinci mai arha kamarsa a gari, kuma tikiti ba ya narkewa ya zama kuɗin kiredin waya yadda tsabar kuɗi ke yi. Ka ware na fotokofi, wanda sababbi kullum suke mantawa da shi, alhali malamai da yawa takardunsu ne littafin darasin. Ka cire jikka biyu ko uku ka ɓoye su inda hannunka ba ya kaiwa da sauƙi, a asusun waya da ba ka taɓawa ko wajen wani babba da ka yarda da shi. Wannan na rashin lafiya ne da na mota idan an kira ka gida da gaggawa.

Abin da ya rage ka raba shi huɗu, kowane sati da nasa. Idan na satin nan ya ƙare ran Alhamis, ka haƙura da gari da ƙuli-ƙuli zuwa Litinin, kada ka taɓa na gaba.

Ƙananan kuɗi su ne ke cinye ɗalibi. Dala ashirin ta shayi, dala arba'in ta fas ɗin intanet, dala goma ta ruwan leda, kullum. Dala saba'in a rana, wato faran 350, jikka goma da rabi ce a wata. Ka gwada rubuta duk abin da ka kashe na sati biyu kacal, ba tare da ka ɓoye wa kayen komai ba. Za ka ga ramin da kanka.

Idan kuna uku ko huɗu da kuka yarda da juna, ku haɗa kuɗi ku sayi shinkafa, wake, mai da garin rogo a Katako ko Wadata, ku riƙa girkin dare tare a ranakun da ba ku ci a resto ba. Ka kuma koyi 'yan kalmomin Zabarmanci, ko da "fofo" da "marje no" ne. Hausa tana kai ka ko'ina a Yamai, amma mai dambun kopto tana sakin fuska ga wanda ya gaishe ta da harshenta.

Abu ɗaya zan roƙe ka da babbar murya: cacar ƙwallo ta waya. Na ga ɗalibi ya sa kuɗin hayarsa a kan wasa guda. Ana farawa da dala ashirin ne, kuma wanda ya ci sau ɗaya shi ne ya fi shiga haɗari. Kada ka buɗe asusun ma.

Na huɗu, awowin rana

Mutumin da jami'ar ke ɗauke da sunansa tun 1992, Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin kimiyyar fizik ne da ya ba da shekarunsa ga binciken yadda za a ci moriyar hasken ranar ƙasar nan. Kai ma sai ka san halin wannan rana. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma tsakanin azahar da la'asar kai ba ya ɗaukar sabon abu, balle idan an ɗauke wuta. Saboda haka darasin da ya fi ba ka wuya, ka ba shi lokacin da ya fi sanyi: daga sallame sallar asuba zuwa bakwai. Awa ɗaya da rabi a wannan lokacin, kullum, ita ce ƙashin bayan shekararka.

Wannan ba zai yiwu ba idan kana kwanciya ƙarfe biyu na dare. Sai ka zaɓa. Tsakar rana ka bar ta ga ɗan barci, wanki, ko kwafe abin da ka rasa. Ka yi cajin waya da ƙaramar fitila tun da rana. Da azumi kuma, bayan sahur kada ka koma kwanciya nan take, nan ne ƙarfinka yake.

Na biyar, yadda za ka karanta

Tun satin farko ka je ofishin karatu na fakiltenku ko wajen delege, wakilin ajinku, ka fahimci tsarin LMD, wato lisans, masta da doktora: lisans shekara uku, kowace shekara zango biyu, kowane zango kiredi 30, ma'aunin nauyin darussa ke nan. Ka rubuta sunan kowane darasi da yawan kiredinsa a bangon kayenka, ka tambayi yadda ake haɗa makin dewar da na jarrabawa, da ƙa'idar sesiyo ta biyu, wato jarrabawar dama ta biyu, domin fakilte da fakilte suna iya bambanta. Wanda bai san nauyin darussa ba yakan ƙarar da ƙarfinsa a kan mai kiredi biyu ya bar mai shida.

Yawancinmu mun taso da hadda: a karanta, a maimaita, a zuba a takarda. A jami'a darasi ɗaya yana iya kai shafi ɗari, hadda ta daren jarrabawa ba ta ɗaukar wannan. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a awowin farko da kwanakin farko bayan koyo, kuma komawa kan abu bayan ɗan lokaci yana rage ta. Almajirin allo ya san wannan, shi ya sa ake tilawa. Ga yadda za ka yi: darasin da aka yi yau, ka duba shi yau da dare na minti ashirin. Bayan kwana uku ka rufe kayen, ka ɗauki farar takarda, ka rubuta abin da ka tuna, sannan ka buɗe ka ga abin da ya zube. Ka sake yin haka bayan sati. Rufe kayen nan shi ne sirrin. Karanta shafi sau biyar yana sa ka ji kamar ka iya, amma sai ka rufe ka gwada za ka san gaskiya.

Faransancin malaman jami'a ya fi na lise nauyi, kuma ba abin kunya ba ne ka rasa gane kalma. Ka ware shafukan ƙarshen kaye don sababbin kalmomi. Idan ka iya bayyana darasin da Hausa ga abokinka har ya gane, to ka fahimce shi, sai ka mayar da shi Faransanci a rubuce.

Ku kafa rukunin mutum huɗu ko biyar, kada ku wuce haka. Ku tsayar da rana da wuri, ƙarƙashin bishiya ko a aji da babu kowa, kowa ya zo da ɓangaren da zai koyar. Ku nemi tsofaffin tambayoyin jarrabawa wajen yayyenku na shekara ta biyu da ta uku, ku gaishe su da ladabi, galibi suna bayarwa. TD kuwa, wato darasin atisaye a ƙananan rukuni, kada ka yi fashinsa ko da ka yi fashin wani abu, a nan ne ake yin irin aikin da ke fitowa a jarrabawa.

Idan aka shiga yajin aiki ko aka dakatar da darussa, kada ka ninke kaye. Sau da yawa da an dawo sai jarrabawa ta biyo baya da sauri. Riƙe awarka ta asuba kamar ana karatu.

Na shida, fada da waya

Ba zan ce ka bar fada ba. Baƙo a gari yana bukatar mutane, kuma a wajen shayi ake jin labarin sitaj da na ɗakin haya da ya faɗi. Amma ka sa mata iyaka: bayan la'asar ko daren Asabar, kuma ka tashi bayan kofi na biyu idan gobe akwai darasi. Lokacin karatu ka sa wayar cikin akwati. Rukunin WhatsApp na ajinku ka duba shi sau biyu a rana, safe da yamma, ya isa ka san ko an canza aji.

Na bakwai, jiki

Ka sayi gidan sauro tun daren farko. Wannan gefen kogi akwai fadamun shinkafa, kuma daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro yana kwantar da mutane da yawa. Idan jikinka ya yi zafi, je asibiti a yi maka gwaji kafin ka sha komai, kada ka sayi ƙwaya wajen mai talla a tire. Ƙwayoyin hana barci da wasu ke sha lokacin jarrabawa, musamman tramol, ka nisance su, sun lalata yara masu ƙoƙari. Ka riƙa yawo da gorar ruwa.

Ƙanwata, duk abin da na faɗa ya shafe ki, da ƙari ɗaya. Idan wani, malami ne ko ma'aikaci ko ɗalibi, ya nuna miki cewa maki ko ɗaki ko taimako yana da wani farashi, kada ki riƙe shi a ciki ke kaɗai. Ki ajiye saƙonnin, ki gaya wa wata babbar ɗaliba ko malama da kika yarda da ita, ki gaya wa gida. Idan darasi ya kai dare, ku fito tare ku biyu ko uku.

Akwai kuma kewar gida, wadda takan zo a wata na biyu, da dare, ba sallama. Ka tsayar da rana ɗaya a sati ta kiran inna da baba, ko da minti biyar ne, kuma ka gaya musu gaskiyar halin da kake ciki. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci lokaci ne mai kyau. Idan ka ajiye wayar, ka ɗauko kayen nan na kuɗi ka ƙirga abin da ya rage na satin, ka duba darasin da ka bari baya, ka rubuta shi a saman shafin asubar Asabar.