Yadda ake shirya fita fatsa da abokai a Ingila: kamun fayik da birim a ruwayen Nofok

Ranar da na fara bin abokan aikina Turawa fatsa, da kula na tafi, har na ce wa uwargida ta tanadi kayan farfesu. Da magariba na dawo hannu rabbana. Ba wai ba mu kama ba ne, kifi ya fi goma sha biyar muka ciro, amma duk wanda aka auna aka ɗauki hotonsa sai a lallaɓa shi a mayar da shi ruwa. Ina tsaye ina kallo, raina yana sosuwa. Yanzu shekaru sun ja, ni ne ma nake haɗa 'yan uwa Hausawa mazauna Landan mu tafi duk Oktoba, ga kuma yadda muke yi.

Kifi iri biyu muke nema. Na farko fayik, wanda suke rubutawa pike: dogo, kore mai ɗige-ɗige, bakinsa kamar na agwagwa, cike da haƙora masu lanƙwasa zuwa ciki. Wanda ya san tsage a Kogin Kwara ya san irin halinsa, sai dai shi fayik kwanton ɓauna yake yi a cikin ciyawa. Mata ne manyansu, kuma wadda aka kama a madatsar ruwa ta Llandegfedd a Wales a 1992 ta kai kilo 21, aka shekara fiye da 30 ba a kama wadda ta fi ta ba a Birtaniya. Na biyu birim, wato bream: faffaɗa kamar faranti, ya ɗan yi kama da babbar karfasa, launin tagulla, garke-garke yake yawo yana kiwo a ƙasan ruwa.

Mataki na 1: Lasisi da doka, kafin a sayi ko da ƙugiya

Duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin Hukumar Kula da Muhalli zai jefa fatsa a ruwan daɗi a Ingila. A shafin gwamnati na intanet ake saya, akwai na kwana 1, na kwana 8, da na wata 12. Na 'yan shekara 13 zuwa 16 kyauta ne, amma sai an yi musu rajista. Kowa da nasa, ba a aro, kuma tarar wanda aka kama babu shi tana iya kaiwa fam 2,500. Lasisin nan izinin riƙe sanda ne kawai. Idan tafkin na wani ne ko na ƙungiya, sai an sake biyan kuɗin yini ga masu shi.

Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni an rufe kamun irin waɗannan kifaye a koguna, saboda lokacin zuba ƙwai ne. Game da tafiya da kifi gida kuwa, a kogi doka ta yarda mutum ya ɗauki fayik ɗaya a rana wanda bai wuce santimita 65 ba, da ƙananan kifi 15 da ba su wuce santimita 20 ba. A tafkin da yake da mai shi, ɗauka ba da izininsa ba sata ce. Shawarata ita ce ku mayar da duka. Birim ƙaya ce zalla ga ɗanɗanon laka, kuma babu abin da ke saurin haɗa baƙo faɗa da 'yan gari a bakin ruwa kamar a ga kifi a leda.

Mataki na 2: Zaɓen lokaci da wuri

Birim ya fi ci daga tsakiyar Yuni zuwa kaka. Fayik kuwa bisa al'ada sai Oktoba ake fara nemansa har zuwa tsakiyar Maris, domin idan ruwa ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa tana raguwa, kifin ya galabaita wajen ja, ya mutu bayan an sake shi. To Oktoba da farkon Nuwamba ne suka haɗa su biyun.

Mu gabashin ƙasar muke zuwa, yankin da ake kira Broads a Nofok. Tafkuna ne marasa zurfi da koguna suka sarƙe, Bure da Yare da Ant da Thurne da Waveney, kusan kilomita 200 na hanyar jirgin ruwa. Asalinsu kududdufai ne: mutanen zamanin da ne suka haƙi baƙar ƙasar da ake ƙonawa a madadin itace, daga baya ruwa ya cike ramukan a wajen ƙarni na 14. Gefensu duk kyauro ne dogo, wanda har yau ake yanka ana jinkar ɗaki da shi. Daga tashar Liverpool Street zuwa Norwich kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa, daga can a hau ƙarami zuwa Wroxham. Da kayan fatsa dai mota ta fi sauƙi. A Wroxham da Horning da Potter Heigham ana ba da hayar ƙananan jirage na yini. Ku shiga shagon kayan fatsa na garin ku tambayi inda kifi yake a makon nan, su ne suka fi kowa sani.

Mataki na 3: Raba kaya

Mutum uku ko huɗu sun isa. Idan jirgi ne, kada a wuce biyu masu jifa a ciki, in ba haka ba zare ya harɗe, zumunci ya ɓaci. A cikinku lallai a samu wanda ya taɓa cire ƙugiya daga bakin fayik. In babu, ku ɗauki ɗan jagora a fitar farko.

Abin da za a yi tarayya a kai: babbar homa mai raga marar ƙulli, faɗinta kusan mita ɗaya, katifar kwantar da kifi, dogon hantsaki mai santimita 30, filaya mai yanke waya, sikeli, akwatin magani. A ɗora wa mutum ɗaya abincin kifi, wani ya ɗauki na mutane. Dalmar da ake ɗaura wa zare don ya nutse, idan nauyinta yana tsakanin giram 0.06 da 28.35, haramtacciya ce tun 1987, saboda tana kashe manyan fararen tsuntsayen ruwan nan da ke haɗiye ta, don haka abin da shago zai sayar muku mai wannan nauyin ba dalma ba ne, kama ce kawai. Wani abu kuma: naman gwangwanin da Turawa ke yankawa suna sa wa ƙugiya yawanci na alade ne, kada a miƙo maka ka karɓa.

Mataki na 4: Birim tun da duku-duku

A isa bakin ruwa kafin gari ya waye sosai, a tsaya a duba. Inda garken birim yake za ka ga ruwan ya gurɓace, ƙananan kumfa suna tasowa, wani lokaci baƙin gadon bayan kifi ya ɓullo ya juya a hankali ya nutse.

Dabarar duka ita ce a tara su wuri ɗaya. A kwaɓa garin burodi da garin da ake sayarwa don wannan aiki, a riƙa yayyafa ruwan kogin kaɗan-kaɗan, har ya zama idan ka dunƙule ya kama, idan ka murza ya watse, kamar dambu. A zuba masarar gwangwani, tsutsa, da yankakkiyar tana. Wannan haɗin ake cusawa cikin fida, ɗan kwandon waya mai nauyi da ake ɗaurawa a zare, ƙugiya tana bin sa a baya da kamar rabin mita. Ƙugiya ƙarama, lamba 14 ko 16, a sa mata tsutsa biyu ko tana da ƙwayar masara.

Ka zaɓi alama a ƙetaren ruwa, bishiya ko hasumiyar coci, ka riƙa saitin ta. Bayan jifan farko ka maƙale zaren a ɗan maƙalin da ke jikin abin naɗi, don kowane jifa ya tsaya a nisa ɗaya. Ka yi jifa takwas ko goma ba ƙugiya, abinci kawai kake shimfiɗawa. Sannan ka sa ƙugiya, ka kwantar da sanda a kan mariƙinta, ka ɗan ɗame zaren har siririn bakin sandar ya lanƙwasa kaɗan. A Yare da ƙasan Bure ruwa yana hawa yana sauka tare da teku, fida mai sauƙi ba za ta zauna ba.

Nan ne haƙuri yake aiki. Bakin sandar zai yi ta karkarwa, kifaye ne ke gogar zaren, kada ka taɓa. Sai ka ga ya lanƙwashe a hankali ya tsaya, ko ya miƙe gaba ɗaya zaren ya saki, sannan ka ɗaga, ban da fizga. Birim ba ya da wani faɗa, kamar ka jawo jiƙaƙƙen buhu ne, amma ka janye shi gefe da wuri kada ya firgita sauran. Idan garke ya sauka, kowa a cikinku zai samu, kuma mai kilo biyu ba abin mamaki ba ne a can. Abokinmu ɗan Yawuri, wanda a gidansu su gado ne, ya rungumi na farkonsa a ƙirji don hoto. Yauƙin birim kamar miyar kuɓewa yake, ga ƙarni. Har muka dawo Landan gilashin mota a sauke yake, cikin sanyin nan, rigar kuwa ba ta sake sawuwa ba. Ka zo da tsohon tawul da rigar da ba ka so.

Mataki na 5: Fayik idan hantsi ya yi

Da cin birim ya lafa sai a canja kaya. Sanda mai ƙarfi, zaren roba mai ɗaukar akalla laba 15, ko saƙaƙƙe mai laba 50. A ƙarshensa dole a sa waya mai tsawon santimita 45 ko fiye. Wannan babu sassauci a ciki, domin haƙoran fayik suna yanke zare nan take, ya tafi da ƙugiyoyi a maƙogwaro, ya kasa ci har ya mutu.

Abincinsa mataccen kifi ne, kuma abin dariya, irin wanda muke saya ne a kasuwa: sukumbiya, shawa, sadin. A zo da su a daskare, sun fi jure jifa. A jikin wayar akwai ƙugiyoyi biyu masu baki uku-uku, lamba 6 ko 8. A danne ƙayoyinsu da filaya, a bar ɗaya a kowace don riƙe abincin. Ɗaya a gindin wutsiya, ɗaya a tsakiyar jiki, saboda fayik ta kai yake fara haɗiye kifi. A sa fulot, ɗan abin da ke iyo a sama yana nuna ci, a daidaita shi ya ɗan fi zurfin ruwan, da nauyin da zai zaunar da abincin a ƙasa.

A jefa kusa da kyauro, bakin mashigar ruwa, ko inda ƙasa ta gangara. Inda ƙananan kifi suke fantsama sama kamar an watsa tsakuwa, to maigidan yana ƙasa. Idan an yi minti arba'in shiru, a matsa gaba. Kuma ba a barin sanda a ruwa a tafi shan shayi, doka ma ta hana.

Da fulot ya fara tafiya ko ya nutse, ka naɗe zaren har ka ji nauyi, ka ɗaga da ƙarfi nan take. Tsofaffi suna cewa a jira ya haɗiye, kada ka bi wannan. Gara ya kuɓuce da ƙugiya ta kai ciki. Ka ja shi da ƙarfi kada faɗan ya yi tsawo, abokinka ya nutsar da homa ya tsaya cik, kai ne za ka jawo kifin kanta.

Mataki na 6: Cire ƙugiya

Duk tsoron da bakinsa ke bayarwa, fayik kifi ne mai rauni. A jiƙa katifa, a kwantar da shi rigingine, ka durƙusa ka sa shi tsakanin gwiwoyinka ba tare da ka zauna masa ba. Ka zura yatsun hannu ɗaya ta ƙarƙashin murfin kunnensa, ka bi da su gaba zuwa haɓa, ka kauce wa jajayen da yake numfashi da su. Da ka ɗaga kaɗan bakin zai buɗe da kansa. Abokinka ya riƙe wayar a miƙe, kai ka juya ƙugiyar da hantsaki ta fita. Wadda ta ƙi, a datse ta da filaya a ciro guntayen.

Na farkona na yi garaje, ya yi wani birgima, bayan yatsuna uku suka goge da ƙayoyin cikin kunnen. Kamar an bi da reza. Ɗan Yawuri yana naɗa mini bandeji yana cewa, "Malam, ai ko tarwaɗa ba a yi mata haka."

Hoto a durƙushe ake ɗauka, a saman katifa. Sai a sa shi a ruwa, a riƙe gindin wutsiya yana tsaye daidai, har ya buga da kansa ya tafi.

Mataki na 7: Jiki da ibada

Rigar ceto a jirgi wajibi ce, ruwan kaka yana sandarar da gwanin iyo ma. A duba sama ko akwai wayoyin wuta kafin a ɗaga sanda, domin sandunan zamani suna jan wutar lantarki. A rufe duk wani rauni, a wanke hannu kafin cin abinci, saboda cutar da fitsarin ɓera ke bari a ruwa. Bayan an mayar da agogo baya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, rana tana faɗuwa wajen huɗu da rabi, Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa. Mu muna zuwa da ruwan ɗumi a fulas na daban don alwala, a yi salla bi da bi, wanda zai tayar ya fitar da fatsarsa daga ruwa tukuna.

Mataki na 8: Hanyar gida

A tsince duk guntun zare da gwangwani, zare yana sarƙe ƙafar tsuntsaye. Homa da katifa a wanke su a shanya su bushe ƙarau kafin a kai su wani ruwan, don kada a kwashi cuta. A yi lissafin mai da hayar jirgi tun a mota, kowa ya biya nasa kafin a rabu. Sannan wanda ya yi alkawarin farfesu a gida ya tuna shagunan 'yan Afirka na unguwar Peckham a Landan suna da karfasa da busasshiyar tarwaɗa, a yi ƙoƙari a iso kafin su rufe.