Hayaƙin gobarar daji ba hazo ba ne, ga inda muke kuskure

Duk wanda yake New York ranar Laraba 7 ga Yuni 2023 ya san abin da nake nufi, da azahar sama ta yi jawur kamar an zuba mata manja, ƙaurin ƙonannen itace har cikin ɗaki, wasan ƙungiyar ƙwallon baseball ta Yankees ma da za a buga a nan unguwar Bronx sai da aka ɗage shi. Daga dazukan Quebec na Kanada iska ta kwaso mana hayaƙin, a shekarar fiye da hekta miliyan 15 wuta ta cinye a ƙasar. Yanzu da zafi ya shigo sai mutum ya fara zuba ido, shi ya sa nake so mu gyara wasu abubuwa da na ga mutanenmu suna yi.

Maganar da na fi ji ita ce "ai mun saba da hazo a gida". To shi kansa hazon ba lafiya yake ƙara mana ba, balle wannan da yake cike da ƙwayoyin da ake kira PM2.5, gashin kanka ya fi su kauri kusan sau 30, hanci ba ya iya tare su, suna wucewa can ƙasan huhu wasu har cikin jini. Kar ka auna da ido ko da hanci, sauke manhajar AirNow a waya ka duba lambar da ke nuna gurɓatar iska a unguwarku kafin ka fita. In ta haura 100 yara da tsofaffi da masu ciki da masu asma ko ciwon zuciya su rage fita, in ta haura 150 kowa ma abin ya shafa. A ranar 7 ga Yunin nan ta wuce 400 a New York.

Sai rufe hanci da mayafi ko rawani ko jiƙaƙƙen hankici. Wallahi ba sa tare komai sai toka mai girma, haka ma takunkumin yadi da ya rage mana tun korona. Takunkumi mai tace iska samfurin N95 ko KN95 za a nema, a matse ɗan ƙarfen nan a kan karan hanci sosai. Masu gemu ku sani iska tana kurɗawa ta gefe, don haka ku rage daɗewa a waje ko da kun saka.

Wanda ya fi damuna kuwa turaren wuta. Na shiga gidan wata maƙwabciyarmu a ranakun nan, ta rufe tagogi ruf har ta cusa tawul a ƙasan ƙofa, ta yi daidai, amma sai ga kasko a tsakiyar falo garwashi jajir hayaƙin turare yana tashi, wai don ya kori ƙaurin da ya shigo, ɗanta kuma yana kwance a kujera yana tari idonsa na ruwa. Na ce mata Hajiya dan Allah a kashe wannan, kin hana hayaƙin waje shigowa kin kuma kulle na ciki tare da yaron. Na san gidan mace ba turare ba ya mata daɗi, amma kwana biyu zuwa uku ne, a haƙura har iska ta washe. Haka shisha da kyandir da suyar ƙosai ko kifi, a ranakun a koma abin da ake tafasawa, kuma maimakon shara a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma.

'Yan uwa masu tuƙa Uber, ku ɗaga gilashi ku danna maɓallin nan mai hoton mota da kibiya a lanƙwashe, iskar ciki ce za ta dinga zagayawa. Esin taga shi ma a rufe masa kafar da yake jawo iskar waje. Mai hali ya sayi na'urar tace iska mai filtar HEPA, wadda take kama ƙananan ƙwayoyin nan, ya ajiye a ɗakin kwana, in kuɗi bai kai ba a samu fanka mai kusurwa huɗu a manna mata filtar tace iska mai lambar inganci MERV 13 a baya da salatif, tana aiki sosai, kuma za ka ga farar filtar tana komawa ruwan toka. In ɗaki ya yi zafin da ba a iya zama a tafi laburare ko wani wuri mai esi, zafi ma yana kisa.

Madara kuma ba ta wanke huhu, ciki take tafiya. Mai asma ya tabbatar inhelarsa ba ta ƙare ba tun kafin hayaƙi ya iso, ya ajiye ta kusa. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure ko numfashi yana sarƙewa ko jiri, kar a ce bari a ga gobe, a kira lambar gaggawa 911.