Yadda za ka rage ƙugin taya mai ƙarancin zane a motarka

Duk wanda ya ɗaura wa motarsa irin su Toyo R888R ko Michelin Pilot Sport Cup 2 ya hau titin Zariya ya san zancen. Da mota ta ɗauki wuta sai ƙugi ya cika ciki, har sai ka ƙure rediyo. Don filin tsere aka yi su: zanensu kaɗan ne, gefensu mai tauri, shi ya sa duk abin da kwalta ta yi musu sai ya shigo maka kujera.

Da farko ka tabbatar tayar ce, ba boris ba, wato ƙarfen da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Samu hanya marar cunkoso da sassafe, ka ɗan karkata sitiyari dama da hagu. Idan ƙarar na ƙaruwa ta ɓangare guda, boris ne, ka nufi wajen bakanike. Idan kuwa tana sauyawa ne da ka bar sabuwar kwalta ka hau tsohuwa, to taya ce.

Sai iska. Ka auna ta da safe kafin mota ta motsa, ka bi adadin da ke manne a jikin ƙofar direba. A zafin Afrilu na Kano iska kan ƙaru da kanta in taya ta gasu, don haka awon rana tsaka yaudara ne. Kuma ka mallaki gejinka. Mai faci na da kirki, amma ɗura maka zai yi kamar ta Sharon mai lodi.

Daga nan ka shafa fuskar tayar da tafin hannu, gaba da baya. In ka ji santsi ta nan, kaifi ta can kamar haƙoran zarto, saitin ƙafa ya goce. Ramukan damina ne ke jawo haka, kuma nan ne mafi yawan ƙugin da ake iya magancewa yake. A yi alayimen da na'ura, a duba shokozoba. Tayar da ta riga ta ci gefe ba za ta yi shiru nan take ba, sai dai ta daina ƙara lalacewa.

Duba kibiya ma. Idan akwai ta a gefen taya, dole ta kalli inda taya ke juyawa in mota na gaba. Lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya mako ne da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. A kasuwar Kofar Ruwa kar ka ɗauki tsohuwa don zane ya yi saura, robar ta riga ta ƙandare.

Shimfiɗar tare ƙara a but da saman tayoyi na taimakawa, sai dai tana ƙara nauyi. Ni dai a ganina, wanda kullum yake tsakanin Zoo Road da Bompai ya nemi taya ta yau da kullum a wasu rim ɗin, ya ajiye na tseren a inuwa. Ga damina ma, ba sa son ruwa kwance.