Sababbin zuwa Amurka, ku rage surutun siyasa tukuna

Maganar layin waya da asusun banki ba sai na ɓata bakina ba, duk wanda ya sauke ka zai nuna maka cikin sati guda, mutanenmu na unguwar Bronx a New York ba su da rowar wannan, Allah Ya saka musu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro ya sauka jiya, ko lambar Social Security bai samu ba, amma ya zama malamin siyasar Amurka a wurin aiki, duk wanda ya gani da jar hular Trump sai ya ce ai wannan niyokon ne, su suka rusa Iraƙi.

To ɗan'uwa, ba haka abin yake ba. Sunan niyokon ɗin ma (neocon da Turanci) da farko zagi ne. Wani ɗan gurguzu, Michael Harrington, shi ya yayata shi a 1973 don ya goranta wa tsofaffin abokan tafiyarsa da suka juya wa ɓangaren hagu baya, wato sababbin masu ra'ayin riƙau. Babbansu Irving Kristol mabiyin Trotsky ne, ɗan gurguzun nan na Rasha, lokacin yana ɗalibi a City College nan New York, daga baya ya rungumi sunan abinsa. Da yawansu 'yan Dimokurat ne, suna bayan Sanata Henry Jackson mai tsananin adawa da Tarayyar Sobiyet, Jeane Kirkpatrick ma tana Dimokurat ɗin Shugaba Reagan na Rifablikan ya naɗa ta jakadiya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981. Sai daga baya sunan ya manne wa masu ganin Amurka ta shimfiɗa dimokuraɗiyya a ƙasashen wasu ko da ƙarfin soja ne, irin su Paul Wolfowitz, mataimakin sakataren tsaron Amurka lokacin yaƙin Iraƙi na 2003. Trump kuwa a kamfen ɗin 2016 caccakar yaƙin nan ya yi, ɗan Kristol ɗin ma, William, yana cikin manyan masu adawa da shi. Ka ga mai jar hular nan wataƙila ya fi ka tsanar 'yan niyokon ɗin.

Wani abu kuma, da yake fitattunsu da dama Yahudawa ne, akwai masu ɓoye ƙiyayyar Yahudawa a cikin kalmar, kuma nan kunnuwa a buɗe suke. Akwai wani ƙanenmu da ya jefa wa mai gidan hayarsu ita cikin raha, dattijon bai ce uffan ba, amma da haya ta ƙare bai sabunta musu ba, muka yi ta yawon neman ɗaki cikin sanyi ga mace da goyo.

Inda abin ya fi ciwo shi ne takardu. Tun 2019 fom ɗin biza yana tambayar sunayen da kake amfani da su a Facebook da sauransu na shekara 5 baya, saboda haka abin da ka rubuta cikin fushi yana nan yana jiranka. Sannan don Allah, in ka je neman lasisin tuƙi aka tambaye ka ko za ka yi rajistar zaɓe, ka ce a'a. Ko kana da girin kat, wato katin zaman dindindin, ba ka da ikon jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, kuma fom ɗin rajistar yana sa ka sa hannu cewa kai ɗan ƙasa ne. Wannan sa hannun kaɗai yana iya hana ka zama ɗan ƙasa, har ya kai ga kora, kuma tambayar tana cikin fom ɗin neman zama ɗan ƙasar, sai ka amsa ta bisa rantsuwa. In har ka riga ka sa hannu, kar ka tura wata takardar shige da fice sai lauya ya duba, lauya na gaske mai lasisi, ba mai cike fom na bayan shago ba.