Yadda Ake Haɗa Kai a Gano Sirrin Hoton da Ya Gagari Kowa a Intanet

A watan Janairun 2020 wani mai amfani da Reddit, dandalin tattaunawa a intanet, daga ƙasar Finland ya ɗora hoton wani yadin labule mai zanen fuskokin mutum takwas, ya roƙi a taya shi gano ko su wane ne. Ba a jima ba aka gane bakwai, duk fitattun 'yan fim da masu tallan kayan sawa, irin su Jessica Alba da Orlando Bloom da Adriana Lima. Fuskar da ta rage kuwa, ta shida a jerin, ta ƙi. Har gardama aka yi ta yi kan ko mace ce ko namiji. Sai a watan Satumban 2024 aka warware, bayan dubban mutane sun shafe fiye da shekara huɗu suna tono.

Irin wannan wasan ƙwaƙwalwa ya yawaita. Wani lokaci da gangan ake shirya shi, a ɓoye hoto cikin hoto, ko a nuna ɗan gefe a ce a faɗi sauran. Wani lokaci kuma tsohon hoto ne kawai ya faɗo guruf ɗin WhatsApp babu suna babu kwanan wata. Ko wanne ne, yawan jama'a kaɗai ba ya warware shi. Mutum ɗari biyu da kowa ke jefo "ni dai ina ganin wane ne" ba su kai mutum shida da suka raba aiki suna rubuta abin da suka gama ba.

Mataki na 1: Ku naɗa marubuci kafin ku fara komai

Ku ware ƙaramin guruf na waɗanda da gaske za su yi aikin, a WhatsApp ko Telegram, mutum biyar zuwa goma. Mutum ɗaya ya zama marubuci. Aikinsa shi ne riƙe takarda guda, a Google Docs ko a saƙon da aka maƙale a saman guruf, mai kashi uku: abin da aka tabbatar, abin da ake zato, da abin da aka kore tare da dalilin korewa.

Kashi na ukun nan shi ne wanda ake rainawa, alhali shi ne ke hana ɓata lokaci. Duk binciken da ya wuce mako guda, za ku ga sabon shiga ya zo da zumuɗi ya kawo sunan da aka kore tun ranar farko, a sake sabuwar gardama, data ta ƙare a banza. Idan akwai takarda, sai kawai a ce masa, "Malam, duba layi na huɗu, mun wuce nan." Marubucin ba sai ya fi kowa iya kwamfuta ba. Mai haƙuri ake so, wanda ba ya jin kunyar tambayar "a ina ka samo?" ko da mai maganar yayansa ne.

Mataki na 2: Ku nemo asalin fayil ɗin

Hoton da ya bi ta hannu goma a WhatsApp ya sha matsa. Manhajar tana rage nauyinsa, ƙananan rubutu su dushe, kuma tana goge bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto, waɗanda ake kira EXIF: irin wayar, ranar ɗauka, wani lokaci har wurin da aka tsaya. Facebook da Instagram ma suna goge su daga kwafin da jama'a ke saukewa. Sikirinshot kuma ya fi duka muni, don sabon hoto ne ɗungurungum.

Ku bi sawu zuwa inda aka fara ɗora shi, ku sauke daga can. In za ku raba wa juna, ku tura shi a matsayin dokumen, ba a matsayin hoto ba, don ya isa yadda yake. A ajiye kwafi ɗaya da ba wanda zai taɓa. Duk gyara da gwaji a kan wani kwafin za a yi.

Mataki na 3: Ido tukuna, sannan na'ura

A raba hoton gida huɗu ko shida, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa girma, ya rubuta duk abin da ya gani, komai ƙanƙantarsa. Kada kowa ya faɗi hasashensa sai an gama tattarawa. Dalili kuwa, da zarar mai baki a guruf ya ce "wannan ai Zariya ce", idon kowa zai koma neman Zariya, ya daina ganin abin da ke gabansa.

Abubuwan da ke tona asirin hoto galibi suna gefe ne, ba a tsakiya ba. Soket ɗin bango mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila ne, shi ake amfani da shi a Najeriya da Ghana, mai ramuka biyu zagayayyu kuwa shi za ka tarar a Nijar da Chadi. Lambar motar Najeriya tana ɗauke da sunan jiha da takenta. Allon shago da Faransanci ya rage maka ƙasashe da yawa nan take. Hannun da motoci ke bi ma shaida ne: Najeriya ta koma tuƙin hannun dama a 1972, Ghana a 1974, saboda haka tsohon hoton Legas da motoci ke bin hagu ya girmi wancan canjin, sai fa idan an juya hoton. Wannan juyawar tana faruwa fiye da yadda ake tsammani, don haka a duba rubutu ko agogo a ga ko a birkice suke.

Mataki na 4: Binciken hoto da hoto

Maimakon rubuta kalmomi, hoton kansa ake ɗora wa injin bincike ya nemo makamantansa. Kada kowa ya ruga Google Lens shi kaɗai. Wani ya ɗauki Lens, wanda ya ƙware wajen gane kaya da gine-gine da karanta rubutun wani harshe. Wani ya ɗauki TinEye, na wani kamfanin Kanada da ya fito da shi a 2008, wanda ke neman ainihin kwafin hoton kuma yana iya jera sakamako daga mafi tsufa. Wani Yandex na Rasha, wani Bing. Rumbunansu ba ɗaya ba ne, abin da wannan ya rasa wancan na iya samu.

In cikakken hoton bai ba da komai ba, a yanka shi. A ɗora ginin kawai, ko tambarin rigar kawai, ko tsaunin da ke can baya. A juya shi hagu zuwa dama a sake gwadawa. In shafin da aka gano ya mutu, a liƙa adireshinsa a Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet, sau da yawa akwai tsohon kwafi a ajiye.

Mataki na 5: Ku leƙa cikin fayil ɗin

Nan ne wasannin da aka shirya da gangan suke ɓoye kayansu. A fara da mai sauƙi. A buɗe hoton a Snapseed ko kowace manhajar gyaran hoto, a ƙure haske, a ƙure bambancin baƙi da fari, sannan a mayar da su ƙasa. Rubutun da aka yi da baƙi-baƙi a kan baƙi yakan fito fili a nan.

In bai fito ba, sai a gangara. Kowane ɗigon hoto haɗin launi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne da lamba daga 0 zuwa 255. In aka mayar da 200 ta zama 201, babu idon da zai lura. Da irin wannan ƙaramin canji a dubban ɗigo ake dasa saƙo ko wani hoto sukutum. Shafuka irin su Aperi'Solve da StegOnline suna rarraba waɗannan launuka su nuna su ɗaya bayan ɗaya, kuma a burauzar waya ma suna aiki. Wannan dabarar ta fi zama a nau'in fayil ɗin hoto na PNG, domin matsar da nau'in JPEG ke yi wa hoto tana lalata ta, kuma shi ya sa aka dage a kan asalin fayil tun a mataki na biyu.

Akwai kuma masu liƙa abu a wutsiyar fayil. A can cikin lambobin fayil ɗinsa, hoton JPEG yana ƙarewa ne da alamar FF D9, duk abin da ya biyo bayanta ƙari ne aka yi. Wani lokaci rubutu ne, wani lokaci kuma in ka canza ƙarshen sunan fayil ɗin zuwa zip sai ya buɗe da wasu fayiloli a ciki.

Wasan Cicada 3301, da ya bayyana a dandalin tattaunawa na 4chan a watan Janairun 2012, ya haɗa kusan duk waɗannan. Farin rubutu ne a kan baƙin fili, yana cewa akwai saƙo a ɓoye. Waɗanda suka buɗe hoton da manhajar rubutu sun tarar da wani layi a ƙarshe mai ambaton sarkin Rum Kalaudiyas, sai harufa a hargitse. Shi ne sarki na huɗu, don haka aka matsar da kowane harafi gurbi huɗu, adireshin wani shafi ya fito. Da aka je, hoton agwagwa aka tarar, da rubutun cewa wannan hanyar yaudara ce. Amma a cikin wannan zolayar an saka sunan OutGuess, manhajar ɓoye saƙo a cikin hoto, a kaikaice, da ita kuma aka zaro saƙon gaskiya. Can gaba aka bukaci lambobi uku, ashe biyu daga ciki faɗi da tsawon hoton farko ne, 509 da 503. Da aka ninka su da ta ukun, wato 3301, aka sami 845145127, adireshin shafi na gaba ke nan. Saboda haka marubuci ya rubuta har girman hoto da sunan fayil, ko da a lokacin ba su yi kama da komai ba.

Daga bisani wasan ya ba da lambobin taswira na wurare a birane irin su Warsaw da Paris da Seoul, inda aka manna takardu a jikin turakun lantarki. Babu mutum ɗaya da zai iya zagaya su duka. Dole sai da na kusa ya je ya ɗauko hoto ya turo wa saura.

Mataki na 6: Wuri da lokaci

In ana zargin wani gari, a buɗe Google Earth da Street View, mai nuna hotunan tituna, a gwada siffar rufi, kwanar titi, hasumiyar masallaci, layin tsauni. A nemi abu uku aƙalla da suka dace, ba ɗaya ba. Google Earth yana da tsofaffin hotunan sama, ana iya ganin shekarar da gini ya tashi.

Inuwa ma tana magana, kuma shafin SunCalc yana nuna inda rana take a kowane wuri da kowace sa'a. Sai dai a kula, yawancin darussan da ke intanet na mutanen Turai ne, inda inuwar tsakar rana kullum arewa take faɗuwa. A Kano ba haka ba ne: daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa, inuwar tsakar rana ta faɗi kudu.

Mataki na 7: Kama da wane ba ta wane

Duk wanda ya kawo amsa, a ba mutum biyu aikin rusa ta. Ba don ƙiyayya ba, aikinsu ke nan. Su duba kunne, tsagar gashi, maɓallin riga, yawan tagogi. Amsa ba ta shiga kashin "an tabbatar" sai an ajiye asalin hoton kusa da na wasan kowa ya gani, kuma an san inda asalin ya fito. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke iya haɗa hoton da bai taɓa wanzuwa ba, "ga shi na samo" ba hujja ba ce in babu mujalla, ko rumbu, ko mai ɗaukar hoton da zai tsaya a kai.

Haka aka rufe zancen labulen nan. Wani ya yi wa zanen launi har ya koma kamar fuskar gaske, ya saka a PimEyes, manhajar da ke neman mutum da fuskarsa, sunan wata tsohuwar mai tallan kayan sawa 'yar Sifaniya ya fito. Ba a tsaya nan ba. An tuntuɓi mai ɗaukar hoton da ya yi aiki da ita, ya fito da ainihin hoton na 2006. Da irin wannan manhaja aka gano Satoshi a ƙarshen 2020, mutumin da aka buga hotonsa a kati na 256 na wasan Perplex City aka ce a nemo shi, aka shafe shekara 14 ana nema duk da tuni an gane cewa a Kaysersberg ta Faransa aka ɗauki hoton.

A nan ina da ra'ayi mai tsauri. Satoshi da yardarsa aka saka shi a wasa. Yarinyar da aka ɗauka a wajen biki ba ta sani ba, ko mutumin da wani ya turo ya ce "ku nemo min wannan", ba wasan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma ba ku san me mai neman yake nufi da su ba. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a 2013, masu bincike a Reddit sun ɗora zargi a kan wani ɗalibi da ya ɓata, alhali ba shi da hannu ko kaɗan, aka addabi iyalinsa, har shugabannin shafin suka fito suka ba da haƙuri. Admin ya kafa doka tun ranar farko: ba a saka lambar waya, ko adireshin gida, ko shafin wanda ba fitacce ba. In dole sai an tuntuɓi wani, mutum ɗaya ne zai rubuta masa, sau ɗaya, cikin ladabi, in ya yi shiru a ƙyale shi.

Mataki na 8: Fitar da amsa

Marubuci ya haɗa hotunan biyu gefe da gefe, ya zagaye wuraren da suka dace da jan layi, ya jera hanyar da aka bi a taƙaice yadda wani zai iya maimaitawa da wayarsa. A ambaci wanda ya gano kowane mataki da sunan da yake amfani da shi a guruf, har da waɗanda aikinsu kore amsoshin bogi ne. Kafin a sanar, a adana shafin da ke ɗauke da hujjar a Wayback Machine, don shafuka kan ɓace da zarar jama'a sun yi musu caa. In wasan na gasa ne mai lokaci, a ɓoye amsar a bayan gargaɗin cewa amsa ce ke ciki, saboda waɗanda ba su gama ba.