Tallafin gwamnati ga karkara: kurakuran da ke sa mutanen Kaduna tashi a tutar babu

Da zarar an sanar a rediyo cewa za a raba taki ko a ba manoma rance, abin da za ka fara ji a majalisa shi ne, "Ai sai mai uwa a gindin murhu." Akwai gaskiya a maganar, ba na musu. Ana cusa sunayen 'yan uwa da 'yan jam'iyya, kuma kowa ya sani. Amma da yawa daga cikin waɗanda tallafin ke wucewa a Giwa, Soba, Lere ko Kachia, ba rashin hanya ne ya kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne da za a iya gyarawa tun da rani, kafin a ma fara maganar rabo.

Na farko shi ne takardu. Mutum ɗaya, amma a katin NIN sunansa Muhammadu Sani, a BVN Mamman Sani, a katin zaɓe kuma Sani Mohammed, ranar haihuwa ma kowace takarda da tata. Layin wayar da ya buɗe asusu da shi yana hannun ɗansa da ya tafi ci-rani Abuja. Asusun kuwa ya daɗe ba a taɓa shi ba har banki ya dakatar da shi. Mai gari ya san shi, malamin gona ya san gonarsa, amma kwamfuta ba ta san shi ba, kuma yanzu ita ke tantancewa. Sai a tsallake sunansa ba tare da kowa ya yi masa mugunta ba. Gyaran ba ya yiwuwa a makon rabo, domin canza suna a ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, ko a banki yana ɗaukar lokaci. A zaɓi rubutun suna guda, a daidaita shi ko'ina, a riƙe layi ɗaya mai rajista da sunan mai shi, a riƙa motsa asusun ko da da ɗan kuɗi kaɗan ne. Mata sun fi shan wannan wahalar. Mace mai tuyar ƙuli-ƙuli ko surfen shinkafa ta ba da lambar asusun maigidanta, sunan bai zo ɗaya da nata ba, shi ke nan an cire ta. Ta buɗe nata.

Sai ƙungiyar dare ɗaya. Yawancin shirye-shiryen tallafi ta hannun ƙungiyoyi suke bi, don haka da an ji ƙishin-ƙishin sai wani ya bi gida-gida yana tattara sunaye, ya naɗa kansa shugaba, ƙaninsa ma'aji. Irin wannan ƙungiya ko ta samu, rigima ce ke biyo baya, domin babu wanda ya san abin da ya shigo. Ƙungiya ta gaskiya tana da rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai, tana da asusun banki da sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a fitar da kuɗi, tana da littafin taro da littafin karo-karo. Wannan littafin da ake rainawa shi ne shaidar da mai ba da rance ke son gani. Matan da suka shekara suna adashi ba tare da an ci amanar kowa ba sun riga sun yi rabin aikin, rajista da rubutu kawai suka rage musu. Abin da ke ba ni takaici shi ne, babban ofishin Bankin Manoma na ƙasa baki ɗaya yana nan cikin garin Kaduna, amma ƙungiyoyinmu da yawa ba su taɓa aika ko mutum ɗaya ya tambayi sharuɗɗa ba.

Kuskuren da ya fi kowanne yi mana illa shi ne ɗaukar rance a matsayin kyauta. "Kuɗin gwamnati ne, kasonmu ne." Da wannan magana aka kashe shirye-shirye masu amfani. Shirin rancen manoma na Babban Banki mai suna Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 tsarinsa mai sauƙi ne: a ba manomi iri da taki da magani da ɗan kuɗin aiki, da kaka ya biya da amfanin gona. Wasu ambaliya da matsalar tsaro suka hana su biya, wannan uzuri ne na gaskiya. Amma wasu sun girbe, suka kwashe hatsin da dare suka kai kasuwa, wasu kuma tun farko ba manoma ba ne. Daga ƙarshen 2023 Babban Banki ya janye hannunsa daga irin waɗannan rancen, wanda ya biya da wanda bai biya ba duk ƙofa ta rufe musu. Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: tun 2020 akwai tsarin da ya ba banki damar cire bashinsa daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin wanda ya ƙi biya. Canza banki ba ya ɓoye kowa.

Saboda haka kafin ka dangwala yatsa a kowace takarda, ka yi tambaya ƙarara: wannan kyauta ce ko bashi? Idan bashi ne, nawa zan mayar, yaushe, da kuɗi ko da hatsi, kuma a wane farashi za a ƙiyasta buhun? Idan wani a ƙungiya ya gaza, mu za mu biya masa? Wanda ba ya karatu ya je da wanda zai karanta masa, babu abin kunya a ciki. Mai gudun kuɗin ruwa saboda addini kada ya karɓa sannan ya fake da haramci ya ƙi biya. Ya tambaya tun farko ko akwai tsarin da babu ruwa, tunda bankuna irin su Jaiz suna nan.

Ranar rabon taki kuma, duba bakin ƙofar sakatariya. Dillalai na tsaye da kuɗi a hannu, babura na jira. Buhu ya fito a kan mutum, bai yi taku ashirin ba ya koma bayan babur, an ba shi abin da bai kai farashin kasuwa ba. Na san abin da ke kawo haka. Tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ga mara lafiya a gida, ga kuɗin makaranta. Amma buhun da aka sayar a Yuni shi ne buhunan masarar da za a rasa a Oktoba. Idan matsi ya yi yawa, gara ƙungiya ta ranta wa mutum daga karo-karonta ya riƙe takinsa. Wanda ya kai shi gona ma sai ya sa shi daidai: NPK a makonni biyun farko bayan shuka, yuriya wajen mako na biyar zuwa na shida, a binne shi kusa da gindi, kada a watsa a sama rana da ruwa su kwashe. Irin masara na haibrid ba a ajiye 'ya'yansa a sake shukawa baɗi, amfanin zai ragu sosai. Malaman gona na KADA, hukumar raya aikin gona ta jiha, don wannan aka ɗauke su, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ta fitar da irin masarar SAMMAZ, a Zariya take.

Inshora ma ana raina ta. Manoman citta a Kachia, Jaba da Kagarko ba za su manta 2023 ba, lokacin da cuta ta ruɓar da gonaki, mutane suka rasa jari har da irin shuka. Hukumar NAIC ta gwamnatin tarayya tana yi wa gona inshora, kuma sau da yawa an riga an cire kuɗinta a cikin rancen manomi bai sani ba. Ka tambaya ko kana ciki. Idan ɓarna ta auku, a kai rahoto nan take tare da hotuna, kada a jira sai an share gona.

Game da masu cewa a kawo "kuɗin fom" ko a turo lambar sirrin da banki ya aiko ta waya, maganar gajera ce: ɓarayi ne. Saƙon WhatsApp mai cewa a latsa nan a karɓi tallafi ma haka. A je sashen noma na ƙaramar hukuma a tabbatar.

Akwai wani kuskuren da ba na mutum ɗaya ba ne, na gari ne gaba ɗaya. Mun saba ɗaukar tallafi a matsayin abin da ake ɗorawa a ka a kai gida, sai mu yi ta kokawa kan buhu biyu alhali gadar da ta karye ce ke cinye ribar kowa. Manomin tumatir da mota ba ta iya shiga ƙauyensu da damina dole ya sayar yadda dillali ya ga dama. A Afrilun 2025 aka aza harsashin yankin sarrafa amfanin gona na musamman a Daki Takwas cikin ƙaramar hukumar Chikun, da tallafin Bankin Raya Afirka. Masana'antun da ake sa rai a irin wannan wuri kaya masu yawa, masu tsabta, iri ɗaya suke saya, kuma sai garin da ke da hanya da ɗakin ajiya da ƙungiya mai tsari zai iya kai musu. Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, don haka tambayar shugaban ƙaramar hukuma ina kwalbatinmu ba rashin kunya ba ce.

Sai dai roƙon baki a wurin ɗaurin aure ba ya shiga kasafin kuɗi. Gari ya zauna da mai unguwa, dattawa, mata da matasa, a tsayar da buƙata ɗaya ko biyu, a rubuta da sunan wurin da yawan ƙauyukan da za su amfana. A kai wa kansila da ɗan majalisar jiha da sakatariya tun kafin a haɗa kasafin shekara mai zuwa, a sa a buga hatimin karɓa a kwafin da za a dawo da shi gida, sannan a wakilta mutum biyu da za su riƙa komawa suna bibiya.